VPN ba ya rage nisan tauraro, amma ga inda yake taimakawa wajen nemo shafuka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida domin mu yi gyara kan wata magana da ta yaɗu tsakanin 'yan'uwanmu masu harkar intanet a nan Legas, tun daga shagunan Computer Village na Ikeja har zuwa ofisoshin 'yan kasuwarmu na Mile 12, Agege da Alaba Rago. Ana cewa wai duk wanda intanet ɗinsa na tauraron ɗan'adam ke nawa wajen buɗe shafi, ya sa VPN kawai, wato manhajar da ke rufe zirga-zirgar intanet ta bi da ita ta wani bututu zuwa wata kwamfuta da ke wani wuri, magana ta ƙare. Tun lokacin da aka rufe Twitter a ƙasar nan, daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, mutanenmu suka san VPN, har ya koma kamar maganin 'yan talla na cikin mota, wanda ake cewa yana warkar da basir da ciwon baya da shawara a lokaci guda. Maganar ba ƙarya ba ce ɗungurungum. Sai dai idan aka yi aiki da ita yadda ake faɗinta, kuɗi za a kashe a ƙara wa layin nauyi.

Wani zai ce me ya haɗa mutumin Legas da tauraro, alhali wayoyin ƙarƙashin teku irin su SAT-3, MainOne, Glo-1, WACS, ACE da Equiano duk a bakin ruwan garin nan suke sauka? Dalili biyu ne. Na farko, da yawa daga masu ofis a nan suna da reshe ko gona ko rumbun ajiyar kaya a Arewa, inda sabis ɗin waya ba ya kaiwa, kuma daga nan ake kula da layin can. Na biyu, tun ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyi huɗu suka lalace a tekun da ke gaban Kwaddibuwa, bankuna da ofisoshi suka sha wuya, mutane da yawa suka kafa farantin tauraro a matsayin layin ko-ta-kwana.

Mu fara da alamar ciwon. Idan ka danna adireshi, allo ya tsaya fari fat na daƙiƙa biyu ko uku, sannan shafin ya zubo gaba ɗaya, kuma idan kana sauke babban fayil gudun ba laifi, to ba ƙarancin data ke damunka ba. Lokacin yana tafiya ne wajen nemo adireshi, da kuma gaisuwar farko da na'urarka ke yi da sabar shafin, wato kwamfutar da ke ajiye da shi. Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. Kafin ta buɗe shafi sai ta aika tambaya ga sabar DNS, ta ƙofa mai lamba 53, ta ce mene ne adireshin wannan suna, sannan ta jira amsa. Shafin labarai guda ɗaya kuma yakan ɗauko hotuna daga wani suna, rubutu daga wani, talla daga wasu da dama, kuma wani sunan ba a ma sanin ana bukatarsa sai an buɗe na gabansa. Kowane ɗaya tambaya ce mai zaman kanta.

Yanzu lissafi. Taurarin da masu VSAT, wato intanet na farantin tauraro na gargajiya, ke amfani da su suna tsaye ne a tsayin kilomita 35,786 a saman layin da ya raba duniya arewa da kudu. Tambayarka za ta hau zuwa tauraro, ta sauko tashar ƙasa ta kamfanin, amsa ta hau, ta sauko gare ka. Zango huɗu ke nan, sama da kilomita 143,000. Igiyar rediyo tana gudun haske, wato kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, saboda haka ko da babu wani cikas a hanya an ci milisakan 480, wato kusan rabin daƙiƙa. Tauraron kuma ba a saman kanmu yake ba. NigComSat-1R, alal misali, wanda aka harba a Disambar 2011, yana zaune ne a digiri 42.5 gabas, Legas kuwa tana wajen digiri 3, don haka hanyar a karkace take kuma ta fi tsawo. Idan aka haɗa da jiran layi a cikin modem, abin da ake gani a aikace shi ne milisakan 600 zuwa 700 a kowace tafiya da dawowa. Babu manhajar da za ta rage wannan. Ƙunshin bayanan da aka rufe a cikin VPN ma wannan hanyar zai bi. Abin da ke hannun mai gyara ɗaya ne tak: ya rage yawan tafiye-tafiyen.

A nan ne wasu masu ƙwazo kan yi gyaran gangar auzinawa. Sai mutum ya ji an ce sabar DNS ta kanka ta fi, ya kafa manhajar DNS irin BIND ko Unbound a cikin ofis, a bayan farantin, ya bar ta tana bin sawun suna da kanta tun daga tushe. Ga suna mai ƙarewa da .ng, za ta fara tambayar sabobin tushe, su tura ta wurin sabobin .ng da hukumar NiRA ke kula da su, su kuma su tura ta wurin sabar mai shafin. Sau da yawa amsar da za ta samu ma laƙabi ce da ke nuna wani suna a wani kamfanin rarraba shafuka, sai a sake sabon lale. Tafiya huɗu ko biyar, kowace milisakan 600, an doshi daƙiƙa uku a kan suna guda. Idan an kunna DNSSEC, tsarin tantance sahihancin amsa, akwai ƙarin tambayoyin makullai a kai. Wannan zirga-zirga a ƙasa ya kamata a yi ta, inda kowace tafiya 'yan milisakan ce, a aiko wa na bayan tauraro amsa guda a gama.

Kuskure na biyu shi ne wanda ya sa muka rubuto wannan wasiƙa, wato tura dukkan zirga-zirgar ofis cikin VPN. Kamfanonin VSAT sun daɗe da sanin cewa TCP, tsarin da kwamfutoci ke aika wa juna bayanai da shi, ba ya jure dogon jinkiri, domin yana aika kaɗan ne ya jira a ce an karɓa kafin ya ƙara. Shi ya sa suke sa wani dillali a cikin modem da kuma tashar ƙasa, wanda ake kira PEP. Dillalin yakan amsa wa kwamfutarka nan take a madadin sabar da ke nesa, ya ce na karɓa, ƙaro, sannan ya haura da kayan sama ta hanyarsa da aka tsara domin tauraro. Amma ba ya iya wannan sai yana ganin kan ƙunshin TCP a fili. Da zarar ka rufe komai cikin VPN irin WireGuard ko IPsec ko OpenVPN, abin da yake gani kawai rufaffen kaya ne da bai san cikinsa ba, sai ya janye hannu. Daga nan kowace gaisuwa ta TCP za ta ci cikakkun milisakan 600, kuma saukar fayil za ta riƙa hawa a hankali kamar tirela a kan tudu. An gudu daga jinkirin DNS an faɗa wanda ya fi shi. Wanda kuma ya ɗora OpenVPN a kan TCP ya fi kowa shiga uku ranar da ake ruwa, domin TCP na ciki da na waje kowanne zai riƙa maimaita abin da ya ɓace, su cushe layin da kansu.

To a ina VPN yake amfani? A wurin da matsalar ba nisa ba ce, hali ne na sabar da ake tambaya. Akwai masu ba da sabis da ke tare duk tambayar da ta bi ƙofa ta 53 su karkata ta zuwa sabarsu, ko da ka rubuta adireshin wata sabar DNS irin 8.8.8.8 ko 1.1.1.1 a rautarka. Idan sabar tasu ta yi nauyi da yamma, ko tana riƙe tsohuwar amsa fiye da ƙa'ida, ba ka da mafita sai ka ɓoye tambayar a cikin bututu. Akwai kuma ofishin da ke da sunayen cikin gida, kamar sabar lissafin kaya da ke hedkwata a Apapa, waɗanda duniyar waje ba ta san su ba, reshe kuma dole ya same su. Sannan akwai fa'idar da ba a cika faɗa ba. Wanda ke son a rufe tambayoyinsa daga idon mutane yakan kunna DNS a kan HTTPS ko a kan TLS ta ƙofa ta 853, kuma duk lokacin da aka buɗe sabuwar hulɗa sai an yi gaisuwar TCP, a yi ta TLS, sannan a yi tambayar. Ko dillali ya ɗauke ta farko, sauran biyun sun haura daƙiƙa ɗaya. Bututun WireGuard kuwa a buɗe yake zaune, tambaya tana shiga a rufe ta dawo a tafiya ɗaya.

Saboda haka tsarin da muke ba da shawara shi ne ƙaramin bututu wanda DNS kaɗai ke bi, da rumbun ajiyar amsoshi a cikin ofis. Sauran zirga-zirga a bar ta a fili dillali ya yi aikinsa, tunda galibin shafuka yau a rufe suke da HTTPS dama.

Kafin a sayi komai, a gano inda layin tauraron ke fitowa ƙasa. Wannan shi ne matakin da ake tsallakewa, kuma shi ke ɓata sauran. A yi tracert a Windows, ko traceroute a Linux, zuwa wani sanannen adireshi, a duba sunayen zangunan da ke bayan babban tsallen nan na milisakan 600, sannan a duba ƙasar da ake danganta adireshin waje na layin da ita. Faranti yana iya zama a Zamfara amma tashar ƙasarsa tana Turai. Muhimmancin abin shi ne manyan kamfanonin rarraba shafuka suna ba da amsa ne gwargwadon inda suke zaton mai tambaya yake. Idan layinka a Turai yake fitowa, ka kafa sabar DNS a Legas, za a riƙa ba ka adireshin sabobin Legas, kayanka su sauka Turai su biyo teku zuwa nan su koma, ƙarin kusan milisakan 100 a kowace tafiya ba gaira ba dalili. Haka nan idan a Nijeriya layin ke fitowa ka ɗauki saba a Landan don ta fi araha. Ƙa'idar ita ce sabar nesa ta zauna kusa da tashar ƙasa, ba kusa da mai ofis ba. Idan tashar a gida take, a nemi saba a ɗaya daga cikin cibiyoyin ajiyar bayanai na Legas masu haɗi da IXPN, mahaɗar intanet ta ƙasa, ko a yi amfani da hedkwatar ofis idan tana da layin faiba da tsayayyen adireshi da wutar da ba ta yankewa.

Sabar ba sai babba ba. Mai ƙwaƙwalwa gigabait 1 da Debian ko Ubuntu ta isa ofisoshi da dama. A sa mata WireGuard da Unbound. A ba bakin bututun adireshi na cikin gida, misali 10.53.0.1, ya saurara a ƙofar UDP mai lamba 51820, reshe kuma a ba shi 10.53.0.2. A cikin Unbound a rubuta interface: 10.53.0.1 da access-control: 10.53.0.0/24 allow, ta yadda ba ya amsa wa kowa sai wanda ya zo ta bututu. Kada a kuskura a bar ƙofa ta 53 a buɗe ga duniya. Ba a daɗewa masu laluben intanet ke gano irin wannan saba, su riƙa amfani da ita wajen yi wa wasu ruwan ƙunshi, daga ƙarshe kamfanin da ya ba ka hayarta ya rufe maka ita. A wannan sabar ce za a kunna tantancewar DNSSEC.

A ɓangaren reshe, layuka uku ne suka fi muhimmanci a fayil ɗin WireGuard. AllowedIPs a rubuta 10.53.0.1/32 kawai. Wanda ya kwafo fayil daga intanet mai ɗauke da 0.0.0.0/0 ya tura komai cikin bututu ke nan, ya koma gidan jiya. PersistentKeepalive a sa 25, domin yawancin layukan tauraro suna bayan adireshin da mutane da yawa ke rabawa, kuma idan bututu ya yi shiru na ɗan lokaci na'urar kamfanin takan manta da shi. Kada a ji tsoron data, wannan ɗan motsi da sabunta makullin da WireGuard ke yi duk minti biyu ba su kai megabait 15 a wata ba. Na uku, Endpoint a rubuta shi da lamba, ba da suna ba. Idan aka sa suna, bututu zai jira DNS kafin ya tashi, DNS kuma yana jiran bututu, kowa na kallon kowa.

Rumbun cikin ofis shi ne ke yin mafi yawan aikin, kuma ko babu VPN ya kamata a kafa shi. Raspberry Pi ko tsohuwar ƙaramar kwamfuta ta isa. A sa Unbound, a yi masa forward-zone mai suna ɗigo guda, da forward-addr: 10.53.0.1, wato duk abin da bai sani ba ya miƙa wa ta nesa. A ba shi msg-cache-size: 32m da rrset-cache-size: 64m. Sai prefetch: yes. Kowace amsa ta DNS tana zuwa da wa'adinta, wani daƙiƙa 60, wani 300, wani kwana guda. Da wannan umarni, idan aka tambayi suna a cikin kashi goma na ƙarshen wa'adinsa, rumbun zai ba da amsa nan take sannan ya sabunta ta a bayan fage, don haka sunayen da ake yawan nema, irin na WhatsApp da na banki, ba sa mutuwa a lokacin aiki. Sai serve-expired: yes tare da serve-expired-ttl: 86400, wanda ke ba shi damar miƙa amsar da wa'adinta ya wuce, har zuwa kwana guda, yayin da yake neman sabuwa. A ƙara serve-expired-client-timeout: 0, in ba haka ba yana iya tsayawa jiran sabuwar amsa tukuna kafin ya ba da tsohuwar, ma'aikaci kuma ya ci gaba da kallon farin allo.

Akwai wani layi da kusan ba wanda ke taɓawa, alhali saboda masu tauraro aka tanade shi. Unbound yana jiran milisakan 376 ne kawai daga sabar da bai saba da ita ba kafin ya ɗauka tambayar ta ɓace ya sake aikawa. A kan layi mai milisakan 600, ke nan zai riƙa maimaita tambayar da amsarta ke kan hanya. A sa unknown-server-time-limit: 1128. Sannan a kashe tantancewar DNSSEC a wannan rumbu ta hanyar barin iterator kaɗai a module-config, tunda ta nesa ta riga ta tantance kuma hanyar da ke tsakaninsu a rufe take. Wasu na ƙara cache-min-ttl don tilasta wa amsoshi su daɗe. A ganinmu kada ya wuce 300. Kamfanin da ya ba sunansa gajeren wa'adi yana da dalili, galibi don ya iya sauya saba idan ɗaya ta faɗi, kuma wanda ya riƙe tsohon adireshi awa guda zai yi ta zagin banki alhali laifin na rumbunsa ne.

Masu rautar MikroTik, waɗanda suke da yawa a kasuwarmu, za su iya haɗa bututun a kan rautar kanta, domin RouterOS na 7 yana da WireGuard. A sashen DNS a rubuta 10.53.0.1, a kunna allow-remote-requests, a ɗaga cache-size daga 2048 da yake zuwa da shi zuwa kamar 20480, a kashe use-peer-dns a ɓangaren da ke karɓar adireshi daga modem, kuma a toshe ƙofa ta 53 daga waje, UDP da TCP duka. Wannan ya fi babu nesa ba kusa ba, amma inda ma'aikata suka haura goma, ƙaramin akwati mai Unbound a gefe ya fi, saboda sabunta amsa kafin ta mutu. Wanda ke da manhajar dnsmasq a maimakon Unbound kuma ya sani cewa suna 150 kawai yake riƙewa idan ba a gaya masa ba, a ɗaga zuwa 10000.

Yanzu ga abubuwan da ke lalacewa bayan mai gyara ya karɓi kuɗinsa ya tafi.

Agogo ne a gaba, kuma laifin wutar lantarki ne. Raspberry Pi na 4 da waɗanda suka gabace shi ba su da batirin agogo. Idan aka ɗauke wuta, kafin a ta da janareta, akwatin zai farka da tsohon lokaci. WireGuard yana sa hatimin lokaci a gaisuwarsa, kuma sabar nesa tana watsi da duk gaisuwar da lokacinta ya gaza na wadda ta karɓa a baya, domin tana ɗaukarta maimaici ne na ɗan damfara. Akwatin zai so ya gyara agogonsa daga intanet, amma sabar lokacin da suna aka rubuta ta, suna kuma sai da bututu. Maganin shi ne a rubuta aƙalla sabar lokaci guda da lamba, ko a saya wa akwatin ƙaramin allon agogo mai batiri irin DS3231, sannan a ɗora modem da rauta da akwatin duka a kan inbata guda.

Sai girman ƙunshi. WireGuard yana ɗaukar 1420 a matsayin iyaka, bisa zaton layin yana ɗaukar 1500. Idan layin bai kai haka ba, ƙananan tambayoyi za su wuce lafiya, manyan amsoshi su maƙale, sai ka ga wasu shafuka na buɗewa wasu sun ƙi, abin kamar aljanu. A gwada daga Windows da ping -f -l 1472 zuwa adireshin sabar. Idan ya ce sai an tsaga, a yi ta ragewa da goma goma har ya wuce, a ƙara 28 a kan lambar da ta wuce, wannan ne girman layin. Daga ciki a cire 60 idan bututun a kan IPv4 yake, ko 80 idan IPv6 ne. Wanda ba ya son wahala ya sa 1280, tunda ga DNS kaɗai ba abin da zai rasa.

Ruwan sama kuma ba sai an gaya wa mutumin Legas ba, musamman a Yuni da Yuli. Igiyoyin Ku da Ka, waɗanda taurarin ke aika saƙo a kansu, suna raunana a cikin ruwa mai ƙarfi, na Ka ya fi shan wahala. Tambayar DNS ƙunshi guda ce, idan ta ɓace babu mai sanarwa, sai mai tambaya ya gaji da jira. Windows yakan sake bayan daƙiƙa ɗaya, Linux kuwa yakan jira biyar. VPN ba ya maido da abin da ya ɓace, WireGuard ba ya maimaita kayan da ya ɗauka. Abin da ke rufa asiri a nan shi ne tsohuwar amsar da rumbu ke miƙawa. Idan kuma sabar nesa ce ta faɗi gaba ɗaya, ofis zai makance, don haka a sa forward-first: yes domin rumbun ya koma nema da kansa, a hankali dai amma ba a tsaya cik ba. Mafi kyau a kafa saba ta biyu da bututunta.

Na ƙarshe a jerin su ne na'urorin da ke zagaye rumbun ta bayan gida. Wayar Android, tun daga ta 9, tana da wurin sa DNS na sirri, kuma yaran ofis kan rubuta sunan wani kamfani a wurin don toshe talla. Chrome da Firefox ma suna da irinsa. Duk wanda ya yi haka ya tsallake rumbu, tambayoyinsa na hawa tauraro ɗaya bayan ɗaya. A mayar da saitin kan Automatic ko a kashe shi a wayoyi da kwamfutocin aiki. Wasu talabijin da na'urorin kallo kuma an dasa musu 8.8.8.8 tun daga masana'anta, waɗannan sai a karkata ƙofa ta 53 a rauta zuwa rumbu. A kuma duba IPv6, domin rauta tana iya raba wa na'urori wata sabar DNS ta wannan hanyar alhali kai ta IPv4 kaɗai ka gyara.

Duk abin da muka faɗa a sama ya fi shafar VSAT. Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka, lissafinsa daban ne. Taurarinsa suna 'yan ɗaruruwan kilomita ne kawai daga ƙasa, jinkirin 'yan gomomin milisakan ne, kuma yana da mahaɗa a nan Legas. Wanda ya ɗora masa VPN mai fita a Landan ko Amurka don neman sauri ya ninka jinkirinsa da hannunsa, ga kuma manhajar banki da za ta iya ƙin buɗewa don ta ga adireshin ƙasar waje. A kan Starlink rumbun cikin gida ya wadatar, yana cike 'yan giɓin da ake samu idan bishiya ko dogon gini ya tare farantin ko hadari ya taso. Amfanin VPN a wurin shi ne sunayen cikin gida da shiga reshe daga hedkwata, domin a tsarin gama-gari adireshin IPv4 na tarayya ne kuma ba a iya buɗe ƙofa daga waje, dole reshe ne zai fara kiran hedkwata. Mai son sa rautarsa sai ya mayar da ta Starlink yanayin wucewa, wato bypass, daga cikin manhajar Starlink. Su kuwa VPN na kyauta da ake saukewa a waya, ba mu ga dalilin da ɗan kasuwa zai miƙa jerin duk shafukan da yake shiga ga wanda bai san ko wane ne ba.

Kafin mai ofis ya biya kuɗin aiki, ya sa a gwada a gabansa. A Linux ko Mac a rubuta dig, sai adireshin rumbun da alamar @ a gabansa, sai sunan wani shafi da ba a taɓa buɗewa a ofishin ba, a duba layin Query time. A kan VSAT karo na farko ya kamata ya tsaya tsakanin milisakan 600 da 800. Idan ya kai 1,500 ko 2,000, rumbun yana bin sawu da kansa ne, ko bututun bai tashi ba, sai a duba wg show a ga yaushe aka yi gaisuwar ƙarshe, kada ta wuce minti biyu zuwa uku. A maimaita umarnin nan take, karo na biyu ya zama sifili ko milisakan ɗaya zuwa biyu. Sannan a sauke fayil guda mai girma da bututun a kunne, a sake saukewa da shi a kashe. Gudun ya zama ɗaya. Idan ya bambanta, an tura abin da ba DNS ba cikin bututu, a koma a duba AllowedIPs. Daga ƙarshe a kashe wutar komai, a jira minti biyar, a kunna, a ga ko tsarin zai tashi da kansa ba tare da an kira kowa a waya ba.

Mun gode da ba mu wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Wasu masu aikin haɗa layukan intanet,
Ikeja, Legas.